Ƙasar da Ba Ta da Magariba

Korgom zuwa Yamai

Tun kafin asuba ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin rugarmu. Baffa, mahaifina, ya fito da sandarsa yana lalube, don idonsa ya riga ya yi rauni. Ya riƙe hannuna ya ce, "Buba, ka komo kahin magariba." Haka yake ce mana tun muna yara in za mu fita kiwo, sai na yi dariya, don karatun likitancin dabbobi na shekara guda zan tafi Norway. Muka ci rairayi har Tasawa, na hau kar, babbar motar fasinja ta Yamai, jandarma suka sauke mu a hanya suka duba takardu. Washegari na tashi a jirgi.

Svalbard

Da karatu ya zo ƙarshe, aka kai mu wannan tsibiri na ƙarshen arewa don mu ga dabbobin teku. Jagoranmu wani dattijo ne, Ola, mai bindiga a kafaɗa da ƙarancin magana. Ya sa ni a kwalekwale mai cin mutum biyu, ya miƙo mini filafili. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, sai na kama filafilin kamar hauya, muka yi ta zagaye wuri ɗaya har ya gaji ya gyara mini hannu. Ruwan baƙi ne, ƙanƙara tana yawo a kansa, sanyi yana shiga har haƙori.

Da muka kafa tanti na yi alwala da ruwan ɗumi, na zauna a kan dutse ina jiran magariba. Rana ta sauko kaɗan, ta bi gefen sama ta sake hawa. Ola ya kawo mini busasshen kifi da shayi, ya tambaye ni me nake jira. Na ce faɗuwar rana. Ya ce, "To sai ka jira wata biyu." Daga nan na mayar da agogona lokacin gida, da shi nake salla.

Bakin gaɓa

Muna tuƙi a rana ta uku, wari ya tarbe ni kafin na ga komai, warin garke sak. A kan yashi wasu dabbobi ne kwance jingim, kamar dorina amma da dogayen haure, suna gurnani suna ture juna. Wata ta sa ƙirji ta tura ɗanta cikin ruwa. Na ajiye filafili, kewar gida ta kama ni. A agogona magariba ce, lokacin da shanunmu ke shigowa, Baffa yana tsaye yana gane kowace da kukanta. Waɗannan kuwa babu mai kiransu, babu inda za su koma. A nan na gane ba da wasa Baffa ya yi maganar magariba ba.

Ola ya ara mini wayarsa mai kama tauraron ɗan adam, na kira yayana Hamidu. Ya ce, "Baffa ya bar fita tun watan jiya. Shi ya hana a gaya maka." Na bar sauran tafiyar, na bi jirgin ruwan da ke kawo mana abinci.

Gida

A Tasawa na roƙi ɗan kabu-kabu kada ya tsaya ko shan ruwa. Mun iso rana ta yi ja, shanu suna shigowa. Na gode wa Allah da ya nuna mini Baffa da ransa, kwance a tabarma a ƙofar bukka, ya rame ƙwarai. Ya shafa fuskata, na ba shi labarin garken teku.

Ya ce, "To su da wane lokaci suke komawa gida?"

Na ce, "Baffa, can babu magariba."

Ya kama hannuna ya riƙe. Can ya ce, "Ashe shi ya sa ka daɗe."