Eduvina Mai Huda Akwati

A Puerto Montt, idan get ɗin gidan mutum ya ƙi buɗewa da safe, yana zaune a mota yana danna rimot har yatsansa ya yi tsami, ruwa na dukan gilashi, yara a baya suna ƙorafin sun makara, to ba za a daɗe ba wani maƙwabci zai leƙo ta katanga ya ce masa, "Kira matar nan mai huda." Da yawansu ba su ma san sunanta ba. Eduvina Cárcamo ake ce mata, gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, shekarunta hamsin da bakwai, kuma ba ta iya lallashin kwastoma ba ko kaɗan.

A tsibirin Chiloé aka haife ta, a gidan wani masassaƙi da ke fasa itace yana fitar da siraran katakan da ake rufa gidaje da coci-coci. 'Ya'yansa biyar duk mata, sai ya zama ita, ta tsakiya, ke hawa rufi tana miƙa masa ƙusa. Babu abin da ke ɓata wa tsohon rai kamar ya ga an toshe gida ruf, babu inda iska za ta ratsa. Kullum yakan bar 'yar tazara a ƙarƙashin katako, in masu gida suka yi magana ya ce musu ruwan sama zai sauko ya wuce abinsa, danshin da suka kulle a ciki ne zai ruɓar musu da gida. A lokacin Eduvina ta ɗauka mitar tsufa ce kawai.

Shekara goma sha tara ta yi a masana'antar kifi, tana tsaye cikin sanyi tana zare ƙaya. Duk lokacin da bel ɗin da ke jan kifi ya tsaya, sauran mata sukan ruga su ɗumama hannu, ita kuwa sai ta tsaya a kan masu gyaran wuta tana tambayar da ba a sa ta ba. Da aka rage ma'aikata aka sallame ta, ta shiga makarantar koyon aikin lantarki, ita kaɗai mace a aji, ta kuma girmi malamin da shekara goma. Ta fito daidai lokacin da kowa a garin yake son get mai inji, har wanda motarsa sai an tura take tashi.

A nan ne abincinta ya faɗo. Yaran kamfanoni a Santiago aka koya musu aiki, inda ruwan sama kan leƙo sau 'yan kaɗan a shekara, don haka dabararsu ɗaya ce: su kafa inji, su bi akwatinsa da gam su liƙe ko'ina, su karɓi kuɗi su tafi. Da hunturu ya shigo sai inji ya mutu. Ita kuwa Eduvina tana zuwa sai ta ɗauko abin huda ta yi wa akwatin ƙofofi biyu daga ƙasa, mai gida na kallo kamar zai yi kuka. Daga nan sunan ya bi ta.

Aikin da ta fi alfahari da shi, wanda har yau in ana hira sai ta san yadda ta jawo shi, shi ne na Don Hermógenes Oyarzún. Tsohon matuƙin jirgin fito ne, shekara tamanin da ɗaya, yana zaune shi kaɗai a gidan katako a kan tudu, hanyar Puerto Varas. Shi da matarsa suka gina gidan, ita ta dasa itatuwan tuffa na bayansa, kuma shekara biyu ke nan da rasuwarta. Get ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, tsawon mita biyar, irin mai gudu a kan dogo. A farkon watan Mayu injin ya mutu karo na uku, tsoho ya fito zai tura da hannu, santsi ya kwashe shi, ya yi kusan awa guda kwance cikin ruwa kafin mai kawo burodi ya gan shi. 'Yarsa Maritza, wadda ke aiki a Santiago, ta yanke magana: za ta zo bikin 'yancin ƙasa na sha takwas ga Satumba, in har get ɗin ya sake rufe shi a ciki kafin nan, gidan za a sayar, ya koma wurinta a bene, hawa na goma sha huɗu.

"Hawa na goma sha huɗu, Maestra," ya ce wa Eduvina ranar da ta fara zuwa, yana dogara sanda, yana kiranta da laƙabin da ake yi wa gwanar sana'a. "Ni da ko a jirgi ban taɓa yarda na kwana a gadon sama ba."

"To matsa min, Don Hermógenes, ka tare min haske."

Ta sa wuƙa ta yanke gam ɗin, wanda aka lafta kamar ana shafa wa burodi man shanu. Tana ɗaga murfi ruwa ya zubo mata a kan takalmi, kusan cikin kofi. Faifan da ke ba injin umarni, wanda masu sana'ar ke kira ƙwaƙwalwa, ya yi tsanwa shar da tsatsa.

"Ta ina ruwan sama ya shiga?" in ji tsoho. "Yaron kamfanin ya rantse min ko a teku aka jefa shi ba zai jiƙe ba."

"Ba ruwan sama ba ne, zufa ce. Inji ya yi aiki ya ɗau zafi, sanyi ya buge shi daga waje, sai ya yi gumi kamar gilashin kicin ɗinka in ka ɗora tukunya. Ina gumin zai bi ya fita, an liƙe masa hanci da baki?"

Kwana uku ta yi a gidan. Ta ɗaga injin ta ɗora shi a kan dandamalin siminti don kada ya zauna cikin kwata, ta sa sabuwar ƙwaƙwalwa da batiri, ta huda ƙofofinta biyu ta rufe su da ragar sauro saboda dodon koɗi, waɗanda ba su da wurin kwana da ya fi cikin inji. Ta yi masa ɗan rufi na katako irin na mahaifinta. Sai dai yawancin lokacin ba a kan injin ta ɓata shi ba. Ta lura cewa ita kanta, da ƙarfinta, sai ta sa kafaɗa take iya motsa get ɗin, abin ya ba ta haushi ƙwarai, don mutum biyu sun zo sun canja ƙwaƙwalwa babu wanda ya sunkuya ya dubi ƙasa. Tayoyin sun ci tsatsa, dogon ya lotsa a tsakiya inda ruwa ke kwanciya. Ta tumɓuke shi ta sake shimfiɗawa da ma'auni, ta sa sababbin tayoyi, ta haƙa 'yar magudana a gefe. Sannan ta rataya wa tsoho ɗan mabuɗin da ke raba inji da get a wuyansa, ta sa shi ya gwada har sau goma yana gunaguni.

A rana ta biyu Maritza ta bugo waya, da jin muryarta ka san ta yi kuka ta gaji da kukan.

"Señora Eduvina, an ce kin huda akwatin. Kin san kin kashe garanti ke nan?"

"Garantin ne ya ɗaga mahaifinki daga cikin ruwa, Señora Maritza, ko mai burodi?"

Maritza ta ce, "Ni dai ba na son a kira ni a ce an tsince shi. Shi ke nan abin da nake tsoro."

"Na sani," in ji Eduvina, ta sassauta murya, abin da ba ta cika yi ba. "Ki bar ni na yi aikina."

Yuni ya wuce lafiya. A tsakiyar Yuli, da ƙanƙara ta kwanta a kan ciyawa kwana huɗu a jere, sai ga wayar Don Hermógenes da hantsi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar 'yarsa na bayan ƙofa. Get ya fara gardama, sai an danna sau biyar. Eduvina ta riga ta sa tsohon a ranta, ga kuma sunanta da ke kan aikin. Ta bar abin da take yi ta kama hanya.

Tun daga nesa ta hango abin. An lulluɓe injin tsaf da wani bargon ulu mai kauri, ruwan toka, an ɗaure shi da igiya irin ɗaurin 'yan jirgi, har an cusa gefensa ta ƙasa inda ƙofofinta suke. Bargon ya sha ruwa ya yi nauyi kamar tunkiyar da ta faɗa rafi.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Tsoho ya dubi takalmansa. "Sanyin ya yi yawa, Maestra. Ko doki ai ana rufa masa."

"Doki! Wata biyu ina yi maka wa'azi, ashe da bango nake magana. Kai da yaran kamfani duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, su da gam, kai da ulu."

"Na marigayiya ne," ya ce a hankali. "Ita ta saƙa shi. Na ce ko zai taimaka ya riƙe min gidan."

Eduvina ta haɗiye sauran faɗan, tausayi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta kwance igiyar, ta matse bargon da hannunta, ta kai shi kicin ta shanya kusa da murhun itace. Sannan ta ɗauko abin busar da gashi daga jakar kayan aikinta ta busar da ƙwaƙwalwar, wadda Allah Ya sa ba ta kai ga ƙonewa ba. Ya roƙe ta kada Maritza ta ji. Ta ce ita ba ta kai tsegumi, amma in aka tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba. Suka sha shayin mate da wainar dankali, ya yi alkawarin bargo zai koma kan gado.

Satumba ta zo da iskar da ta kayar da itatuwa a kan wayoyin wuta. Unguwar tudu ta kwana uku babu lantarki, batirin ya yi iya yinsa ya ƙare a safiyar ranar da Maritza za ta iso. Eduvina ta sani, don ta lissafa, shi ya sa ta zo da wani batirin a mota. Amma tana isa ta tarar motar hayar Maritza ta riga ta, tana tsaye a bakin get, ruwa na zuba, hannu ya fito ta taga yana danna rimot. Get ko gezau.

Maritza ta fito ba laima, fuskarta babu fushi, sai gajiya. "Kin gani ko, Señora Eduvina? Ba laifinki ba ne. Amma da yau ciwo ya kama shi fa?"

Eduvina ta kai hannu za ta buɗe bayan mota ta ɗauko batiri, sai ta hango ƙofar gida ta buɗe, ta fasa. Don Hermógenes ne ke saukowa, da hular 'yan jirgi da sandarsa, yana tafiya a kan tsakuwar da Eduvina ta zuba masa saboda santsi, ba ya gaggawa ko kaɗan.

"Papá, kada ka taɓa shi! Tsaya a nan!"

Bai ko dube ta ba. Ya zaro mabuɗi daga wuyansa, ya sunkuya ƙarƙashin ɗan rufin katako ya murɗa. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗora ɗan yatsansa guda a jikin ƙarfen, ya tura. Get mai mita biyar ya zarce a kan dogonsa sumul, babu ƙara, har ya je ƙarshe ya tsaya.

"Shigo mana, 'yata," ya ce. "Ko sai na turo motar ita ma?"

Maritza ta tsaya ruwa na dukanta. Ta je ta kama get ɗin ta jawo shi da yatsa biyu, ta mayar, ta sake jawowa, kamar yarinyar da aka ba sabon abin wasa. Sai dariya ta ƙwace mata, ta haɗe da hawaye, ta rungume mahaifinta har hularsa ta faɗi. Eduvina ta juya tana ta gyaran batirin da babu abin da ya same shi, daɗi ya cika ta har wuya.

Ba a sake tayar da zancen hawa na goma sha huɗu ba. An yi biki a kicin, an gasa nama, Maritza ta tambayi labarin Yuli aka gaya mata, ta yi wa tsoho faɗan da ya fi na Eduvina. Da za ta koma sai ta ɗauki lambar Maestra ta rarraba wa duk wanda ta sani a yankin.

Don Hermógenes ya ƙara shekara huɗu a gidansa, ya ci tuffar matarsa kaka huɗu, a kan gadonsa kuma ya cika, da bargon nan ruwan toka a ƙafafunsa. Ranar da aka zo ɗaukarsa akwai wuta, rimot na aiki, amma Maritza ta ciro mabuɗin ta miƙa wa Eduvina. Ita ta murɗa shi, ta sa yatsa ɗaya ta buɗe masa get ya fita.