Labarin Tsohon Garinmu a Shafin Wani

Na taɓa rubuta labarin tsohon garinmu a shafina na intanet, garin da ruwan Tiga ya cinye tun ba a haife ni ba. Daga bakin Baba na ji yadda dattawa ke shiga kwale-kwale idan ruwa ya ja baya, su tsaya saitin tsohuwar maƙabarta su yi wa iyayensu addu'a. Ban da ƙanwata, babu wanda ya tanka.

Sai wani saurayi a Kano ya kwafe shi kaf ya liƙa a nasa shafin. Yabo ya dinga zuba, ana ce masa fasihi, ni kuwa ina karantawa zuciyata na tafasa. Na yi masa magana, ya toshe ni.

Ranar kasuwar Tudun Wada, Baba ya dawo da fara'arsa. Ashe an karanta musu labarin a rumfar masu kifi.

"Yaron nan ɗan albarka ne," in ji shi. "Ya san garinmu."

"Baba, ni fa na rubuta shi!"

Ya dube ni, ya girgiza kai. "Kul, bar hassada. Kai ma ka dage, wata rana za ka iya irinsa."