Nasidi da Jirgin da Ke Ɗaure

Nasidi mutumin Funtuwa ne. Kafin ya zo Doha, ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne madatsar Mairuwa, nan ma daga bakin titi. Amma bayan wasu shekaru yana tuƙa bas ɗin wani kamfanin yawon buɗe ido tsakanin filin jirgin sama da tashar jiragen ruwa, sai ya zama duk ɗakinsu na unguwar Al Asmakh babu mai ja da shi in ana zancen manyan jiragen nan na shaƙatawa, masu hawa-hawa kamar unguwa guda ta taso bisa teku.

Bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Abin da ya sani a bakin fasinjoji ya tsinta, waɗanda suka sauko suna yabo da waɗanda suka sauko suna ƙorafi. Ya tara ya tace, har ya zama yana da nasa ra'ayin, kuma ba ya rowarsa. In ka hau motarsa zai gaya maka ka nemi ɗakin tsakiya, can ƙasa-ƙasa, don nan ne jirgi ba ya jijjiga mutum. Ka guji ɗakin da ke ƙarƙashin wurin kiɗa. Kada ka sauka a gari ranar da jirgi zai tashi, ka zo da wuri ka huta. Babbar maganarsa kuwa ita ce ta tashar gida, wato garin da jirgi ke fara tafiya kuma yake dawowa ya ajiye mutane.

"Wanda ya hau a tashar gida shi ne ɗan gida," in ji shi. "Wanda ya tare jirgi a hanya baƙo ne har ya sauka."

Abass, wani ɗan Zangon Kumasi da ke gadi a ƙofar tashar, yakan yi masa dariya, yana kiran sa Masa, wato maigida a bakin mutanensu. "Masa, kai fa ka fi kyaftin sanin jirgi. Wata rana ka hau mana mu gani."

Wadda ta fi kowa sauraronsa ita ce matarsa Haulat, malamar firamare a Funtuwa. Duk ranar da jirgi ya shigo sai ya kira ta ta bidiyo ya juya mata wayar. Takan sa shi ya matsa kusa, ta tambayi abin da ke bayan kowace taga, ta tambayi yadda ake gane alƙibla in jirgi na juyawa. Har zanen jirgin ta taɓa yi wa ɗalibanta a allo. Tabarau take sawa tun tana budurwa, kuma a 'yan shekarun nan likitan ido a Kaduna ya ce tana da hawan jinin ido, ya ɗora ta kan maganin ɗigawa, ya ce ta riƙa zuwa ana dubawa. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, har ita kanta.

A farkon shekarar 2020 kamfanin ya yi wa tsofaffin direbobinsa kyauta: ɗaki na mutum biyu a jirgi, tafiyar 'yan kwanaki a tekun yankin, kuma za a taimaka da bizar iyali. Zaɓi biyu aka ba su. Ko su hau a wannan sanyin, a jirgin da ke tashi daga Dubai, ko su jira sanyin baɗi, lokacin da za a ba su wanda tashar gidansa Doha ce.

Da ya gaya wa Haulat sai da ta ajiye wayar ta yi guɗa.

"Baban Jannat, mu je yanzu. Hutu zan nema, shugaban makarantarmu ba zai hana ni ba."

"Ke dai ba ki san harkar ba," ya ce. "Yanzu babu jirgin sama kai tsaye daga nan zuwa Dubai, sai na zagaya ta Maskat. Ke kuma ki sauka garin da ba ki san kowa ba. Baɗi kuwa nan za ki zo, in ɗauko ki da motata, mu hau a tashar gida, Abass ya buɗe mana ƙofa."

"Ni ko a hanya aka tare shi ina so."

"Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Bari mu yi abin yadda ya kamata."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Abokan aikinsa biyu sun tafi da matansu a watan Fabrairu. Da suka dawo har ya tsaya yana nuna musu kuskuren ɗakin da suka zaɓa.

Ba a jima ba korona ta sauka. Jiragen suka daina zuwa, tashar ta yi tsit sai tsuntsayen teku. Aka killace ma'aikata a ɗakunansu, daga baya kamfanin ya ba da aron Nasidi ga wani ɗan kasuwa, ya koma jigilar kwalayen tumatir da albasa daga kasuwar Abu Hamour. Zancen kyautar jirgi ya bi ruwa, don kamfanin da kansa da ƙyar ya rayu.

A gida kuma an rufe hanyoyi tsakanin jihohi. Haulat ba ta samu zuwa Kaduna ba, maganin ya ƙare, wanda ta samu a kemis ba irinsa ba ne. Ciwon ba ya zafi, don haka ba ta yi ta ƙorafi ba, ga mijinta a kulle a ƙasar mutane, ba ta so ta ƙara masa. Gefen ganinta ya riƙa rufewa a hankali, kamar ana jawo labule daga dama da hagu. Lokacin da hanya ta buɗe ta isa asibiti, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya rage. Ta bar koyarwa a shekarar da ta biyo.

Nasidi ya ji labarin ne a bakin ƙaninta Ja'afar. Ranar a cikin mota ya zauna bakin kasuwa har mai kayan ya zo yana buga gilas yana cewa yalla, wato ya yi sauri. Da ya kira ta, ita ce ma ta riƙa ba shi haƙuri.

Sai ga gasar cin kofin duniya. Doha ta cika ta batse, aka maido da Nasidi kan bas ɗinsa, aka kawo manyan jirage aka ɗaure a tasha, aka mai da su otal na masu kallon ƙwallo. Shigowa ƙasar ta yi sauƙi ga baƙi. Ja'afar mayen ƙwallo ne, ya shirya zuwa, Nasidi ya roƙe shi ya taho da yayarsa. Wani ɗan garinsu mai iyali a unguwar Old Airport ya ba ta masauki.

Abass ne ya yi ta kai-komo har ya samo musu izinin shiga jirgi ɗaya su ci abincin rana. Da ya ga Nasidi riƙe da hannunta bai yi zolayar da ya saba ba. Ya rusuna ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Mun daɗe muna jin sunanki."

A gindin jirgin ta tsaya ta ɗaga kai.

"Fari nake gani, kamar bango. Ina ƙarshensa?"

"Yana can sama, Maman Jannat. Ya fi benayen Kaduna."

"To gaya mini."

Mutumin da bakinsa ba ya gajiya da zancen jirgi ya rasa ta inda zai fara. Ya ce akwai tagogi. Ya ce akwai ƙananan jiragen ceto masu ruwan lemo rataye a gefe.

A ciki ta riƙa shafa ƙarfen matakala da labule da bayan kujeru. Ko'ina samari ne sanye da rigunan ƙasashensu suna waƙa da buga tebur. Sun ci shinkafa da kifi, ta yaba. Can ta ajiye cokali, ta kafa tafin ƙafarta a ƙasa tana saurare.

"Yana tafiya?"

"A'a, a ɗaure yake. Sai an gama gasar."

"Na ɗauka ko zan ji yana lilo."

Ya ce, "Da na ji maganarki a wancan karon..."

"Da ka ji, da na gani," ta ce, ba da faɗa ba. "Gaskiya ce, ba zan ce maka ba haka ba ne. Na yi kukan wannan na gama tun a Funtuwa. Amma ba kai ka kawo cutar ba, kuma ba kai ka rufe hanyar Kaduna ba. Ci abincinka."

Bai iya ƙarasa abincin ba.

Da la'asar suna tafiya a Kornish, titin bakin teku, ta ji ƙarar inji da muryar masu kiran fasinja. Ya ce mata jiragen katako ne na Larabawa, suna ɗan zagayawa da mutane su dawo. Shi bai taɓa ɗaukar su a bakin komai ba. Ta ce shi za ta hau. Suka shiga tare da wasu 'yan Maroko masu ganga, jirgin ya ja baya ya juya, igiyar ruwa ta ɗaga shi ta sauke. Haulat ta ƙanƙame hannunsa ta yi salati, sannan ta fashe da dariya. Feshin ruwa ya taɓa mata fuska, ta lasa ta ce ashe da gaske gishiri ne. Matuƙin ya ga yadda take murna ya ƙara musu zagaye.

Bayan mako ta koma gida tare da Ja'afar. Nasidi ya ƙarasa kwantiraginsa, da aka kawo masa sabo ya ce khalas, ya isa haka, ya gode. Abass ya raka shi filin jirgi. Yanzu yana Funtuwa yana jan wata tsohuwar mota Sharon zuwa Kaduna, kuma duk ranar asibiti kujerar gaba ta Haulat ce. Likita ya ce idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama dai har yanzu tana bambance rana da inuwa.