Tsumman Dakta Insaf

A asibitinmu na Iskandariyya ta ƙasar Masar, in aka ambaci Dakta Insaf, ba ƙasusuwan da ta ɗora ake fara tunawa ba, tsumman goge ƙasa ake tunawa.

Wata rana ana ruwan hunturu ta shigo da silifas, takalmanta a leda, ko farar rigar aiki ba ta kai ga sakawa ba. Sabon manajanmu, Ustaz Midhat, ya zubar da shayi a baranda. Ya waiga ya gan ta, baƙar mace 'yar Aswan ta can kudu, sai ya miƙa mata tsumma.

"Ke, inna, goge nan. Yi sauri, likitoci na tafe."

Ta karɓa, ta durƙusa, ta goge tas. Mu da ke kallo muka ce yaron nan ya shiga uku, don mun san ta: ba ta faɗa, ajiya take yi.

Kafin azahar ya ji ko wace ce. Ya zo ba da haƙuri da kwalin basbusa, wani kek mai zaƙi, ta ƙi karɓa. "Wane laifi, ranka ya daɗe? Ko ban goge da kyau ba ne?" Daga nan duk taron da ya shigo sai ta miƙe ta kakkaɓe masa kujera a gaban kowa. Bawan Allah ya rame, har ta ƙofar baya ya koma shigowa.

Azumi ya kama, aka kira masu shara su karɓi jakar Ramadan daga hannun manaja, shinkafa da mai da sukari. Sai ga Dakta a layi, bayan Ummu Sabah mai sharar benenmu.

"Dakta, don girman Allah," in ji shi, "me zan yi ki bar ni in sha iska?"

"Ummu Sabah na fama da gwiwa, ɗana, ni na duba ta. Hutun mako take bukata, baranda kuwa ba ta hutu."

Mako guda Ustaz Midhat yana goge baranda, wandon kwat a nannaɗe, Ummu Sabah na kan kujera tana nuna masa lungu: "Can ma, ranka ya daɗe, can ma." Ranar ƙarshe, da shan ruwa, Dakta ta ci basbusar da ya sake kawowa har yanka biyu.

Kwanan baya na tsokane ta: "Haba Dakta, a watan yafiya kika yi wa yaro haka?"

Ta ce, "Ai ni na yafe masa tun ranar, Fathi. Gwiwata ce ta ƙi, ita ta durƙusa."