Hannun Uwata a Gidan Mai Zubin Tagulla

Ko da zan manta da komai na zamana a Gadarif, ban ga yadda za a yi in manta da ranar da tsohon nan mai zubin tagulla ya buɗe mana ɗakinsa ba.

Lokacin ina sayar da shayi da jabana, wato kofi mai kayan ƙamshi, a wata rumfa kusa da masu gyaran tarakta, wurin da uwata ta yi shekaru tana sayar da kisra, wato wainar dawa mai faɗi marar kauri, kafin ta rasu. Maƙerar tsohon tana daura da ni. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, ya narka tagulla ya zuba wa manoma ƙananan kayan inji da suka lalace, ya yi wa mata turmin dakan kofi. Amma akwai wani ɗaki a bayan maƙerar da ba ya barin kowa ya shiga. Wasu su ce zinare yake ɓoyewa, wasu su ce gumaka ne. Ni kaina na sha kai masa shayi ina miƙa wuya, ban taɓa ganin komai ba sai ƙofa.

Bayan girbin riɗi na wata shekara, sai ya ce idonsa ya yi rauni, zai bar aiki, kowa ya zo ran Juma'a da la'asar ya ga abin da yake yi. Na rufe rumfata da wuri na tafi.

Na tarar ya fito da komai tsakar gida. A jikin bango ya rataye zane-zane na fenti a kan katako: gonakin dawa, hadarin damina a kan hanyar garin Hawata, motocin kaya cike da masu girbi. A kan benci kuma hannaye ne na tagulla jere, ba kai ba jiki. Wani riƙe da lauje, wani da carbi, wani da allura. Limamin unguwa ya zo fuska a ɗaure, ya zaga ya duba, sai ga shi ya tsaya yana murmushi a gaban wani hannu mai riƙe da alƙalami, ya ce na malaminsa ne. Nan fa mutane suka shiga neman nasu, ana ta dariya.

Ni ma ina bi ɗaya bayan ɗaya, sai na tsaya cak. Hannun mace ne, yatsu biyu na ƙarshe a lanƙwashe, da tabo mai faɗi har wuyan hannu. Hannun da ya yi mini kitso tun ina ƙarama, yaya ba zan gane shi ba?

Na ce, "Baba, wannan na uwata ne."

Ya ce, "Nata ne, 'yata. Me ta ce miki game da tabon?"

"Ta ce wutar kisra ce."

Ya girgiza kai, ya ja ni gaban wani zane. Mace ce cikin shuɗin mayafi ta ba da baya, tana gudu zuwa wata ƙofa mai fitar da hayaƙi, tiren kisra ya kife a ƙasa.

Ya ce wata rana tukunyar narki ta tsage masa, tagulla ta malalo, rigarsa ta kama da wuta, ya faɗi. Maza suna waje suna ihu, ita ce ta shiga ta kama shi ta janyo, hannunta ya sauka a kan ƙarfe mai zafi.

Na ce, "To me ya sa ta ɓoye mana?"

Ya ce, "Mahaifinki da ƙyar ya bar ta ta fito kasuwa. Da ya ji ta ƙone a maƙera, da ya hana ta sana'a, alhali da kisrar nan take ciyar da ku idan damina ba ta yi kyau ba. Ta roƙe mu kada maganar ta kai gida. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma na kusa. Ban so in tafi da ita a cikina ba."

Na ɗauki hannun, yana da nauyi, rana ta ɗumama shi. Na zaci kuka zan yi, amma tambayoyi ne suka cika min baki. Tana da tsoro? Tana da faɗa? Me take cewa a kanmu? Ya zauna a kan buhu yana ba ni amsa har aka kira magariba. Da zan tafi ya ce in bar hannun tukuna mutane su gama gani, bayan mako ya kawo min da kansa a naɗe cikin tsumma.

Na girma a cinyar matar nan, ina ganin na santa ciki da waje, ashe rabin labarinta yana wurin maƙwabci. Abin da na koya shi ne, duk tsohon da ya san iyayenka, zauna ka tambaye shi tun yana iya magana.