Muryar Nasiru a Faifan da Ba a Yanke Ba

A watan nan ƙanena Nasiru ya cika shekara bakwai da rasuwa. Kabarinsa yana nan Kuala Lumpur, garin da ni na kawo shi, inda har yau nake koyarwa a wata jami'a. Duk shekara addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana na kasa yin shiru, saboda abin da ya faru wata biyu da suka wuce.

Ni na nema masa gurbin digiri na biyu a fannin lantarki. Mahaifinmu, Alhaji, ya damƙa mini shi a Kano ya ce amana ce. Shekarar farko a gidana da ke unguwar Titiwangsa ya zauna, tare da matata Hajara da yaranmu. Nasiru mutum ne mai kunne. Tun muna gida, in rediyo ya fara ƙugi shi ake kira. A wani shagon mamak, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi, inda yake shan shayi, ya haɗu da samarin Malay huɗu masu kiɗan rok, irin na jita mai ƙara da ganguna. Na'urarsu ta haɗa sauti ta lalace, ya gyara musu a zaune. Daga ranar suka riƙe shi. Duk inda za su yi wasa shi ne a bayan zaure, da abin sauraro a kunne, yana daidaita muryar mawaƙi da ƙarar kayan kiɗa. Yana kuma naɗar kowane wasa daga farko har ƙarshe, ba ya yanke komai, ko tsirkiya ce ta tsinke ko mawaƙi ya manta baiti. Na taɓa tambayarsa amfanin ajiye shirme, ya ce, "Yaya, ai haka aka yi shi a ranar."

Ba karatunsa ne ya dame ni ba, don bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Kunya ce. Wata Juma'a bayan an idar da salla wani abokin aikina ɗan Najeriya ya ce mini, a gaban mutane, ya ga ƙanena a Bukit Bintang, unguwar shaƙatawar dare, da wasu masu dogon gashi. A ranar na kira Alhaji. Na ce masa Nasiru ya watsar da karatu ya bi makaɗa. Da ya tambaye ni ko har da shaye-shaye, na ce Allah dai ya kyauta, alhali ban taɓa ganinsa ko da taba ba. Alhaji ya daina ɗaukar wayarsa. Nasiru ya tattara kayansa ya kama ɗaki kusa da makaranta.

Wata Alhamis ya shigo ofishina ya ajiye tikitin wasan makaɗan nan a kan tebur. "Ranar Asabar ne, ƙarfe huɗu, kafin magariba an tashi. Yaya, ka zo ka gani da idonka ko sau ɗaya ne, sai ka gaya wa Alhaji abin da ka gani." Na ce zan duba. Ranar Asabar ɗin na kwashi yara muka tafi bakin tafkin Titiwangsa suka hau keke, ina sane da lokacin sarai. Bayan wata biyar zazzaɓin dengi ya kama shi. Azman, mawaƙinsu, shi ya kai shi asibiti; ni sai a kwana na uku na ji, na isa ba ya gane kowa. Da su huɗun suka zo ta'aziyya, a bakin ƙofa na karɓi gaisuwarsu a tsaye. Hajara ce ta bi su da ruwa har wajen lif.

Wata biyu da suka wuce Azman ya zo ofishina, gashin ya koma gajere, furfura ta fito masa. Ya ce ƙungiyarsu za ta fitar da tsofaffin wasanninta a hukumance, kamar yadda aka naɗe su, ba gyara ba yanka, kuma kusan duka naɗin Nasiru ne. "Abang," in ji shi, wato yaya da yarensu, "akwai guda ɗaya da muryarsa ta shiga, ya manta bai kashe makirufonsa ba. Da yarenku ya yi magana. Shekara bakwai muna saurare ba mu san me ya ce ba. In ka ce a cire, za mu cire."

Ya miƙo mini abin sauraro. Na ji hayaniyar jama'a, na ji an gama waƙa, sai muryar Azman da harshen Malay yana sanar da cewa yau yayan Nasiru, dakta ne a jami'a, yana tare da su a zauren. Aka yi tafi. Tafin ya lafa ana jiran wani ya miƙe. Sai na ji ƙanena, kusa da kunnena kamar yana tsaye a bayana: "Zai zo. Cunkoso ne a hanya." Bayan waƙa biyu ya sake magana, da 'yar dariya a ciki: "Yaya ke nan."

Azman yana kallona yana jira. Na fassara masa, na kuma gaya masa cewa babu wani cunkoso da ya tsare ni. Ya karɓi abin sauraronsa. Na roƙi kwana uku in yi tunani, kuma gaskiya so nake a cire. Da na gaya wa Hajara, ta ce, "Baban Amina, shi da bai taɓa yanke komai ba, kai ne za ka yanke masa?" Washegari na kira Azman na ce a bar shi.

Yanzu wasan yana nan, duk mai waya zai iya saurare. An rubuta sunan Nasiru a jiki a matsayin wanda ya naɗa. Ina yawan tunanin yadda zai ɗauki wannan zamani da na'ura ke wanke muryar mawaƙi tas har ba ka jin numfashinsa, amma ga mutane suna neman tsohon naɗinsa saboda tarin jama'a da tsinkewar tsirkiya da ke ciki. Ina jin daɗi zai ji, ya kuma sami abin kushewa, ya ce gangunan sun danne murya a waƙa ta uku. Zai yi mamakin 'yata Amina, wadda ya bari tana firamare, yau tana jin waƙoƙin abokansa a MRT, jirgin ƙasan cikin gari, ta fi ni fahimtar baitukan. Abin da ban sani ba shi ne ko zai so a ji kalaman nan nasa. Da kansa yake magana, kuma uzuri yake nema mini.

Makon jiya na kira Alhaji. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ƙanwarmu Bilkisu ce ke riƙe masa waya. Na gaya masa komai: cewa Nasiru bai bar karatu ba, ban taɓa ganinsa da abin maye ba, kunyar mutane ce ta sa na faɗi abin da na faɗa. Na tura wa Bilkisu naɗin, ta kai masa daidai wurin. Ta ce sau uku ya sa ta maimaita. Da ya dawo kan layi ya ce, "Ni ma ban ɗauki wayarsa ba, Kabiru. Sau nawa yaron nan ya kira."

Nasiru bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, digirin ma bai kai ga karɓa ba. Ya bar aikin da ya iya ya kuma yi tsakani da Allah, da abokai huɗu da suka fi ni riƙe amanarsa, da kyakkyawan zaton da ya yi mini a ranar da ban cancance shi ba. Alhaji ya ce ya yafe mini. Wanda ya kamata in fara roƙa kuwa, sai dai in tsaya a gefen kabarinsa in yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Nasiru, ya sa ya huta.