Baba Tela Ya Zauna Kan Hannuwansa

Ranar da aka kunna bidiyon Baba Tela a asibiti, gaban mata goma masu goyo, an kama shi dumu-dumu. Ga jikarsa kwance rub da ciki tana nishi, ga jan ƙwallo a gabanta, sai ga wani ƙaton yatsan ƙafa ya leƙo ta gefen hoto, saɗaf-saɗaf, ya turo mata ƙwallon.

Malamar da ke dubawa ta ce, "Baba, ƙafar wa ce wannan?"

Ya ce, "Gidan namu akwai jama'a."

Shekara arba'in maƙwabcin nan namu yana auna mutane da tef, wanda duk ya yi tumbi shi ne farkon sani, kuma unguwa ce ta biyu. Yau ga shi ana auna shi.

Jikar, Maɓalli yake kiranta don ƙanƙantarta, ta shekara ɗaya ba ta zama, hannun hagu kullum a dunƙule. Likita ta koya musu motsa jiki: a ajiye abin wasa inda sai ta yi yunƙuri, a ƙirga goma, kada a taimaka. Iyayen suna wurin aiki, shi ya karɓa. Duk mako a ɗauka a waya, malama ta zauna da takarda ta duba ko ana yi yadda aka koyar. Ba yarinyar take ba maki ba, mai yi mata take ba. Baba ya ci huɗu cikin goma.

Malamar ta ce, "In ana turo mata, hannun ba zai buɗe ba. Mu kuma mu ce motsin ne bai yi ba, alhali ba a ma yi shi ba."

Wannan maganar ta shige shi. Ya dawo ya ture keken ɗinki gefe, ya ɗauki tef da allin yanka, ya ja layi a ƙasa, inci shida daga hannunta. Sannan ya zauna kan hannuwansa, ƙafafun kuma ya naɗe su ya danne da buhun ƙyalle. Ta taga muna jin shi yana ƙirga. Ita kuka, shi gumi. Da farko daga uku yakan tsallaka takwas, har matarsa ta ce ashe haka yake wa masu kawo yadi.

Wata na huɗu, yana kan bakwai, yatsun hannun nan nata suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, suka sauka kan ƙwallon. Makon nan malama ta ba shi tara.

Da yamma ɗansa, uban yarinyar, ya dawo ya baje a kujera. "Tara kawai, Baba? Ina ɗayan ya maƙale? Miƙo mini wayar in gani."

Baba bai ko motsa ba. "Ga ta can kan tebur, taku biyu ne. Yunƙura, zan ƙirga maka goma."